Motar Talaka: Abin Da Ya Faru A Japan Da Abin Da Ya Same Mu

(Jawabin da wani ɗan'uwanmu ɗalibi, ɗan Bena ta ƙasar Zuru, ya karanta a zauren taron ɗalibai)



 Ina godiya da aka ba ni wannan dama, alhali kuwa zauren nan cike yake da waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru. Idan na yi tuntuɓe a yi mini gyara, domin ɗalibi ne ke magana a gaban malamansa.

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne mota. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki da zancen mota? To, amma mu faɗa wa juna gaskiya. Wane ne a cikinmu bai taɓa kishingiɗa a ɗakin kwana yana zaɓen irin motar da zai saya ran da ya kama aiki ba? Iyayenmu ma a ƙauye, in an ce musu yaro ya gama jami'a, ƙurar motarsa suke jira su hango ran Salla kafin su tabbata karatun ya yi albarka. Tun da abin ya zauna mana a zuci haka, ya kamata mu san yadda mota ke shiga hannun talakawan wata ƙasa, da kuma dalilin da ya sa ta kuɓuce wa namu.

A gidanmu a Bena akwai wata Peugeot 504, watau wadda muke kira Fijo. Kakana ne ya saye ta sabuwa fil a 1977, sa'ad da yake malamin gona, da bashin mota na gwamnati. Tsofaffi sun ce ran da ya shigo gari da ita yara sun bi ta da gudu har ƙofar gida. Ni kuwa da na yi wayo, a bisa duwatsu na tarar da ita, babu taya ko ɗaya, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Kakana ya rasu bai sake mallakar wata motar ba, kuma daga cikin 'ya'yansa, har da waɗanda suka fi shi karatu, babu wanda ya taɓa sayen sabuwar mota. Tambayar da ta kawo ni nan ke nan: yaya aka yi kaka ya iya, 'ya'ya da jikoki suka kasa?

Domin neman amsa, ku ba ni izini in ɗauke ku mu je ƙasar Japan. Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, biranen Japan toka ne, masana'antunta sun rushe, mutanenta na fama da yunwa. Ƙasa ce wadda ba ta da man fetur na a zo a gani, ƙarfenta ma sai ta sayo ma'adinin daga waje. Kamfanin Toyota, wanda Kiichiro Toyoda ya kafa a 1937, ya kai bakin durƙushewa a 1950, har aka sallami ma'aikata da dama, shi kansa Toyoda ya sauka daga shugabanci. Abin da ya cece su shi ne yaƙin Koriya da ya ɓarke a wannan shekara, domin sojojin Amurka sun riƙa sayen manyan motoci a hannunsu. A lokacin nan mota a Japan ta hukuma ce da kamfanoni da masu tasi. Ma'aikaci keke yake hawa, ko jirgin ƙasa.

Ga abin da nake so mu lura da shi ƙwarai. Su ma Japanawa da harhaɗa motocin wasu suka koyi sana'ar. A 1952 kamfanin Nissan ya ƙulla yarjejeniya da Austin na Ingila, a 1953 kuma Hino ya ƙulla da Renault na Faransa, Isuzu ya ƙulla da masu motar Hillman. Ana kawo musu mota gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna, su ɗaure. Sai dai sun shiga yarjejeniyar da niyyar fita daga cikinta. Kowace shekara sukan cire wasu sassa daga jerin abin da ake kawowa, su ba maƙeran gida su ƙera. A 1956 motar Austin da ke fitowa daga masana'antar Nissan duk kayanta na Japan ne, kuma kafin 1960 sauran kamfanonin biyu ma sun kai ga haka. A duk tsawon wannan lokaci gwamnati ta toshe ƙofar shigo da ƙananan motoci daga waje, ba ta sassauta ba sai a 1965, bayan nata sun yi ƙwari.

Sa'an nan sai suka dubi aljihun talaka. A 1955 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta fito da shawarar motar jama'a, watau ƙaramar mota mai ɗaukar mutum huɗu, mai shan mai kaɗan, wadda mai albashi zai iya saya. A 1958 aka fito da Subaru 360, 'yar mitsitsiya mai ƙaramin inji, a kan yen 425,000. A 1961 Toyota ya fito da Publica. A 1966 kuwa Nissan ya fito da Sunny, Toyota ya fito da Corolla, ita wannan Corolla da muke gani a titunanmu, kuma wannan shekarar ce Japanawa ke kira shekarar farko ta motar kai. Hukuma ta kuma ware wani rukuni na ƙananan motoci masu rangwamen haraji da inshora, waɗanda har yau sun haura kashi ɗaya bisa uku na sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar.

Amma araha kaɗai ba ta sayar da mota in babu kuɗi a hannun mutane. A 1960 Firayim Minista Hayato Ikeda ya yi shelar shirin ninka kuɗin shigar ƙasa cikin shekara goma, aka kuwa cim ma burin tun wa'adin bai cika ba. Albashin ma'aikaci na hawa, farashin mota na sauka saboda yawan da ake ƙerawa, dillalai na sayarwa da biyan kaɗan-kaɗan wata-wata, har ranar da albashi da farashi suka gamu. Daɗin daɗawa, tun 1953 aka yi dokar da ta keɓe harajin fetur domin gina hanyoyi. Babbar hanyar Meishin, wadda aka gina da taimakon rancen Bankin Duniya, an gama ta a 1965, ta Tomei kuma a 1969. A 1980 Japan ta ƙera motoci kimanin miliyan 11, ta shige gaban Amurka. Watau dai mutumin da ke ƙera motar, shi ne ya samu albashin da zai saye ta, harajin man da ya sha kuma ya gina masa hanyar da zai bi.

To, 'yan'uwa, mu komo gida. A shekarun 1970 mu ma mun yi namu yunƙurin. A 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, a 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam. A ƙarshen 1973 rikicin Gabas ta Tsakiya ya sa farashin gangar mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12, kuɗi suka kwararo wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Hukumar Cif Jerome Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka ƙara albashi, aka kuma biya ariyas tun daga watan Afrilun wannan shekara. Dattawa har gobe suna ba da labarin shekarar Udoji, yadda kekuna da rediyoyi da babura suka ƙare a kantuna. Wanda matsayinsa ya kai, gwamnati ta ba shi bashin mota, ta kuma riƙa biyansa alawus na riƙe ta kowane wata.

A wannan zamani ne aka kafa masana'antun harhaɗa motoci da haɗin gwiwar Turawa. Kamfanin Peugeot na Kaduna, a unguwar Kakuri, ya soma aiki a 1975. Volkswagen, wadda muke kira Bosuwaja, ta kafu a Ikko. Aka yi Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, da Mercedes a Inugu, waɗannan huɗu na manyan motoci ne. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki Fijo 504 ta zama motar hukuma, har manya ma ita suke shiga. A farkon shekarun 1980 masana'antar Kaduna na fitar da motoci fiye da dubu hamsin a shekara. Fijo ta zama motar malami, ta alƙali, ta ɗan kasuwa, ta haya, a-kori-kura kuma ta zama jakin kasuwannin ƙauye. Duk wanda ya ga wannan zai ce mun kama hanyar da Japan ta bi.

Sai dai akwai wani labari da ya isa ya nuna mana inda gizo ke saƙa. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe da ɗaruruwan jirage masu ɗauke da siminti, babu wurin sauke kaya. Saboda haka sassan Fijo a jirgin sama aka riƙa ɗauko su daga Faransa zuwa Kano, sa'an nan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna, aka kuwa shekara da shekaru ana haka. Jama'a, ku duba wannan al'amari: ƙarfen mota yana hawa jirgin sama kamar alhaji! Gaskiya ne daga baya an riƙa samun batir da taya da fenti da kujeru a gida, amma inji da giya, watau ran motar, daga waje suke zuwa. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka ba 'yan Tarayyar Sobiyet kwangilarsa a 1979 domin ya ciyar da irin waɗannan masana'antu, har yau bai kammalu ba. Abin da Nissan ya yi cikin shekara huɗu, mu mun shafe shekara hamsin ba mu yi ba.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Tun kafin 1980 gwamnati ta soke bashin mota, har maido da shi ya zama ɗaya daga cikin buƙatun yajin aikin gama-gari na watan Mayun 1981, wanda ƙungiyar ƙwadago ta yi a ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Sa'an nan farashin mai ya faɗi, kuɗin waje suka yi wuya, akwatunan sassa suka rage zuwa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira. Naira wadda a 1980 ta fi dala daraja, kafin ƙarshen 1986 sai an haɗa fiye da uku kafin a sami dala ɗaya, a 2024 kuwa dala ta haura naira 1,500. Tun da sassan da dala ake sayen su, albashi kuwa da naira ake biya, sai sabuwar mota ta yi wa ma'aikaci fintinkau. A nan ne Fijon kakana ta hau duwatsu, domin kuɗin gyaranta ya fi ƙarfin fanshonsa.

Daga nan kasuwa ta koma hannun gwanjo, watau tsofaffin motocin Turai da Amurka da ake saukewa a Kwatano da Ikko. Masana'antun gida suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A 2003 gwamnati ta daina saya wa ma'aikata motocin ofis, ta mayar da abin kuɗi, Kaduna ta rasa babban mai sayenta. A 2006 aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa, a 2012 hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe shi. Michelin ya rufe masana'antar tayarsa a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008. Akwai sabon yunƙuri, kamar na Innoson a Nnewi, da masana'antar Peugeot ta haɗin gwiwa da Dangote wadda ta soma aiki kusa da Kaduna a 2022, kuma muna yi musu fatan alheri. Amma ku je kowace tasha ku ƙirga, za ku ga yawancin abin da ke ɗaukar talaka mota ce da wani ya gaji da ita a wata ƙasa. Abin takaici ma, da yawansu ƙirar Japan ne.

Yanzu bari in gaya muku yadda abin yake a Bena. Garinmu yana cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, a gabashin jihar Kebbi, kusa da iyakar Zamfara da Neja, kuma kasuwarmu ta yi suna wajen hatsi da dabbobi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, amma bai taɓa taka ƙasar Zuru ba, saboda haka duk buhun masara ko dawa da zai bar garinmu, sai ta hanyar mota. Ran kasuwa za ka ga tsohuwar Golf wadda aka yi domin mutum biyar ta ɗauki goma, ga buhuna a but, ga wani a bisa buhunan. Za ka ga Kanta ta sha lodi, mutane na zaune a kan kaya. Motar talaka ta gaskiya a wurinmu ita ce babur, shi ne ke kai taki gona, shi ke kai amarya, shi ke kai mara lafiya. Kuma shi wannan babur ɗin ne 'yan bindiga ke hawa su afka wa ƙauyuka, har jin ƙararsa da dare ya zama abin faɗuwar gaba. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya ninka, manomi kuwa shi ke biya sau biyu, ran sayen taki da ran sayar da amfani.

Akwai daren da ba zan manta ba. Ina aji biyar na sakandare, cikin damina, naƙuda ta tsananta wa matar baffana a wani ƙauye da ke bayan gari. Babu mota a ƙauyen, wadda aka kira daga gari kuma direbanta ya ce ba zai iya ƙetare rafi ba. A kan babur aka ɗauko ta, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da ita ta baya. Allah ya sa ta rayu, amma jaririn bai zo da rai ba. Tun daga ranar na daina ɗaukar mota a matsayin kayan ado. Kowa da ajalinsa, wannan mun yi imani, amma an umurce mu da mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu yi tawakkali.

Kada kuma a ce na zo in yi wa Japan kirari. Yaɗuwar mota ta zo musu da nata bala'in. A 1970 mutum 16,765 suka mutu a haɗarin mota a ƙasar, har suna kiran abin yaƙin hanya, hayaƙi kuma ya turnuƙe biranensu. Sai da suka tsananta doka, suka gina hanyoyin masu tafiya a ƙasa, suka koya wa yara ƙa'idar titi, sa'an nan adadin ya sauko, har a 'yan shekarun nan ya koma ƙasa da 3,000 a shekara. Mu sai a 1988 muka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya. Har ila yau, Japanawa ba su yar da jirgin ƙasa domin sun sami mota ba. A 1964 suka buɗe jirgin nan mai tsananin gudu tsakanin Tokyo da Osaka, kuma ma'aikacin Tokyo a jirgi yake zuwa aiki. Inda mota ta fi yawa a kowane gida shi ne karkara. Manominsu yana da 'yar ƙaramar a-kori-kura irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, waɗanda aka soma ƙerawa a 1960 da 1961. Su ne tsofaffinsu ke isowa gare mu, a Kano ana kiransu 'yar ƙurƙura.

Saboda haka ina da shawarwari uku, kuma ga 'yan'uwana ɗalibai nake miƙa su, domin mu ne za mu zauna a ofisoshin nan gobe in Allah ya kai mu. Ta farko, duk wanda ya sami kansa a wurin ƙulla yarjejeniya da kamfanin waje, ya tambaya a rubuce: wane sashe za a ƙera a gida bana, wane ne baɗi, kuma wace shekara za a daina kawo akwati? Yarjejeniyar da ba ta da ranar yaye, shayarwa ce har tsufa. Ta biyu, 'yan'uwanmu masu karatun injiniya su sauko daga allo su je wurin makanikai da masu walda da maƙeran Panteka a Kaduna, waɗanda ke raya motar da ta shekara talatin ba tare da littafi ba. Su suna da hannu, ku kuna da lissafi, abin da karkara ke jira kuwa shi ne ƙaramar motar kaya mai ƙarfi, mai sauƙin gyara, wadda manoma biyar za su iya haɗa kuɗi su saya. Ta uku, idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a suna rabon babura, mu tambaye su labarin hanya da gada da kwalbati, da motar ɗaukar marasa lafiya a kowace gunduma, da tsaron da zai sa direba ya yarda ya fita da dare. Babur ɗin kyauta shekara biyu yake yi ya mutu, gada kuwa jikoki na takawa.

Daga ƙarshe, ban ce kada kowa ya yi burin mota ba, ni ma ina da nawa burin. Abin da na ce shi ne, motar kakana kuɗin mai ne suka saya masa, da kuɗin suka janye sai ta tsaya. Ta ma'aikacin Japan kuwa aikin hannunsa ne ya saya masa, shi ya sa ɗansa da jikansa suka sayi tasu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Idan muka fita daga jami'ar nan kowa ya sami tasa gwanjon ya rufe gilashi, ya wuce 'yan'uwansa a bisa buhuna, to, karatunmu bai biya kuɗin da talakawa suka kashe a kansa ba.

 Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure kuma ina jiran gyaranku a lokacin tambayoyi. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, amin.